Tambaya da Amsa: "Ɗana ya ce da lemon kwalba na da illa, mai sallah kamar Salah ba zai tallata shi ba"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai yara uku a Kaduna. Babbansu shekararsa 10, kuma ba shi da gwani a duniya sai Mohamed Salah. Da farko abin ya burge ni, don har sujada yake kwaikwayo in ya ci ƙwallo a layinmu. To amma yanzu kuɗin tararsa kaf a lemon kwalba yake ƙarewa. Da na yi masa faɗa sai ya ɗauko wayar babansa ya nuna mini tallan Pepsi, ya ce, "Umma, da abin na da illa ai mai sallah kamar Salah ba zai tallata shi ba." Wallahi na rasa bakin magana. Shin ya dace ɗan wasa mai riƙo da addini ya riƙa tallata wa yara irin waɗannan kaya? Ni kuma me zan ce wa yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yaronki ya kawo hujja mai kan gado, kuma a kan irin wannan tunani nasa ne kamfanoni ke zuba maƙudan kuɗi. Aikina ya shafi abinci da lafiyar yara ne, fatawa kuwa sai malamai, don haka bari mu fara da abin da ke cikin robar kafin mu zo kan wanda ke riƙe da ita a talla.

Lemon kola da aka saba sha yana ɗauke da sukari gram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100, ko da yake wasu kamfanoni sun rage a wasu ƙasashe, don haka ki duba rubutun da ke jikin robar. Robar nan ta 50cl ke nan tana da sama da gram 50, wajen cokalin shayi 13. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin cokali 12 ga babban mutum, in kuma so samu ne a tsaya a cokali 6. Kin ga roba ɗaya tak ta cinye rabon yaronki na yini guda, tun bai sha shayin safe ba, bai taɓa alewa ko biskit ba. Abin da kan fara lalacewa haƙori ne. Bayansa sai ƙiba, kuma in shan ya zama ɗabi'a ta shekaru, haɗarin ciwon suga na ƙaruwa. Akwai wata illar da iyaye ba su cika lura da ita ba: lemo na cika ciki ba tare da ya gina jiki ba, sai yaro ya dawo gida ya ture tuwo da miya, a zaci rashin cin abinci ne kawai.

Me ya sa sai 'yan wasa? Saboda jikinsu kansa talla ne. Yaro na ganin mutum mai gudun kilomita 10 a wasa guda riƙe da kwalba, sai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa ƙarfin da kwalbar, ba tare da kowa ya furta ƙarya ba. A 2013 wata mai bincike a Amurka, Marie Bragg, da abokan aikinta sun bi diddigin tallace-tallacen manyan 'yan wasa 100. A cikin nau'in abinci 62 da suke tallatawa, kashi 79 cikin 100 kayan ƙwalam da maƙulashe ne, masu maiƙo da zaƙi amma ba amfanin kirki. A cikin abin sha 46 kuwa, kashi 93 cikin 100 ba wani kuzari a cikinsu sai na sukari. Sunayen da suka fi fitowa su ne LeBron James da Serena Williams da Peyton Manning.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin da aka yi a Jami'ar Liverpool, wanda shi ma aka wallafa a 2013, da yara 181 'yan shekara 8 zuwa 11. Tsohon ɗan ƙwallon Ingila Gary Lineker ya daɗe yana tallan soyayyen dankalin leda na Walkers. Aka nuna wa wasu yaran tallan, wasu kuma aka nuna musu Lineker yana gabatar da shirin ƙwallo kawai, babu ko maganar dankali. Sannan aka ajiye musu kwano biyu, ɗaya an rubuta Walkers, ɗaya an ce na kantin gari ne, alhali dankali ɗaya ne a ciki. Har yaran da suka gan shi a shirin ƙwallo kaɗai sun fi cin na kwanon Walkers. Ma'ana, da zarar fuskar tauraro ta manne da kaya, ganinsa ko'ina talla ne. Duk ranar da ɗanki ya kalli Salah a gidan kallo, tallan na ci gaba da aiki a kansa ko da ba a sako shi ba.

Yanzu mu zo kan addini, inda gizo ke saƙar. 'Yan wasa Musulmi sun sha taka wa masu ɗaukar nauyi burki. Hashim Amla, ɗan wasan kurket na Afirka ta Kudu, ya ƙi sa tambarin giyar Castle a rigarsa. Frédéric Kanouté na Mali ya rufe tambarin kamfanin caca na 888.com a rigar Sevilla a 2006. Papiss Cissé ya yi taƙaddama da Newcastle a 2013 kan rigar Wonga, kamfanin ba da bashi da ruwa, kafin daga baya su daidaita. A gasar cin kofin duniya ta 2018, mai tsaron gidan Masar Mohamed El-Shenawy ya ƙi karɓar kyautar gwarzon wasa saboda kamfanin giya na Budweiser ne ke ba da ita. A watan Yunin 2021 kuma, lokacin gasar ƙasashen Turai, Paul Pogba ya ɗauke kwalbar giyar Heineken daga gabansa a taron manema labarai, duk da irin wadda ba ta bugarwa ce.

Dubi jerin nan da kyau: giya, caca, riba. Duk abubuwa ne da haramcinsu ya fito ƙarara. Sukari bai shiga ba. Shi Pogban da ya kawar da kwalbar giya yana cikin tallan Pepsi na 2020 tare da Salah da Messi. Ban ga munafunci a nan ba, domin lemo ba haramun ba ne, kuma wanda ya sha bai yi zunubi ba. Matsalar ita ce yaro da ya ga gwaninsa ya ƙi giya saboda Allah zai ɗauka duk abin da gwanin ya yarda ya riƙe ya tsallake tantancewa. Tsoron Allahn da ake gani a tattare da ɗan wasa yana ƙara wa maganarsa nauyi, kuma wannan nauyin na cikin abin da kamfani ke saya, ko an rubuta a yarjejeniya ko ba a rubuta ba.

Abin sha'awa, waɗanda suka fito suka juya wa sukari baya sun yi ne da sunan lafiya. Kwana ɗaya kafin abin da Pogba ya yi, Cristiano Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola biyu a birnin Budapest, ya ɗaga ta ruwa. Kada dai a ɗauke shi waliyyi, shi ma ya taɓa tallan Coca-Cola da kajin KFC a baya. Virat Kohli, gwanin kurket na Indiya, ya ƙi sabunta yarjejeniyarsa da Pepsi a 2017, ya ce ba zai tallata abin da shi kansa ba ya sha ba. Kylian Mbappé ma ya yi rikici da hukumar ƙwallon Faransa a 2022 kan amfani da hotonsa wajen tallan caca da abincin ƙwalam.

To ya dace ko bai dace ba? Ra'ayina, ɗan wasa mai addini ya fi kowa dalilin yin taka-tsantsan. A Suratul Baƙara aya ta 168 an haɗa kalmomi biyu ne, halal da ɗayyib, wato mai halatta kuma mai kyau. A Suratul A'araf aya ta 31 an ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Ga hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba. Kiristoci ma suna da koyarwar cewa jiki haikali ne da ake kula da shi. Mu mun riƙe rabin farko, muna neman tambarin halal a jikin kwali, mun saki rabi na biyu. Baligi ya sha lemo ranar biki, wannan tsakaninsa da cikinsa. Amma a biya ka miliyoyi don ka kwaɗaitar da 'ya'yan mutane abin da likitan ƙungiyarka ba zai bar ka ka riƙa ɗirka kullum ba, wannan magana ce ta amana. Na so a ce malamanmu suna taɓo ta a huɗuba kamar yadda suke taɓo caca.

Duk da haka ba na son a jibga wa 'yan wasa laifin duka. Coca-Cola na ɗaukar nauyin wasannin Olamfik tun 1928, kuma tana tare da gasar cin kofin duniya tun 1978 a hukumance. Ɗan wasa ɗaya ya ƙi, goma na layi. Shi ya sa wasu ƙasashe suka bi ta doka. Chile tun 2016 take liƙa baƙin tambarin gargaɗi a kan kayan da sukari ko gishiri ko maiƙo ya yi wa yawa, ta kuma hana tallata su ga 'yan ƙasa da shekara 14. Meziko ta hana sa hoton 'yan wasa da taurari da zanen katun a jikin kwalin duk kayan da ke ɗauke da irin wannan gargaɗi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina dogaro da alƙawarin kamfanoni, gwamnatoci su kafa dokar tilas. A Najeriya kuwa, Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Naira 5 ke nan a kan robar da ɗanki ke saya. Ke ma kin san ba za ta hana kowa sha ba.

Game da yaron, kada ki kushe masa Salah. In kika ce gwaninsa mayaudari ne, ke za ki faɗi, don zai kare shi ne ya daina jin ki. Ki bar masa sujadar da son ƙwallon, abubuwa ne masu kyau. Ki samu rana ku zauna da robar lemo da kofi da gwangwanin sukari, ki sa shi da hannunsa ya ƙirga cokali 13 ya zuba a kofin, sannan ki tambaye shi ko zai iya shanye wannan a garau. Gani ya kori ji. Daga nan ki tambaye shi: a ganinka nawa aka biya Salah ya riƙe kwalbar nan? In yana wasa aka busa hutu, me kake gani yana sha a bakin fili? Yaro ɗan shekara 10 ya isa ya gane cewa talla sana'a ce, kuma yara na jin daɗin gano dabarar da ake yi musu.

Kada kuma ki haramta masa gaba ɗaya, don abin da aka hana yaro shi yake bi ta bayan gida ya nema. Ku yi yarjejeniya, misali ƙaramar kwalba ranar Juma'a ko ranar da gwaninsa ke wasa, tare da abinci, ya kuskure baki bayan ya sha. Kuɗin tara ki rage, ki cike da gyaɗa, dafaffen ƙwai, ayaba ko awara da gorar ruwa. Zoɓo da kunun aya sun fi, amma fa in ke kika haɗa kika san yawan sukarin da kika zuba, don wani zoɓon na kan hanya ya fi lemon zaƙi. Lemon ƙarin kuzari mai sinadarin kafeyin kuwa, wannan kam ban yarda yaro ya sha ko kurɓi ɗaya ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda na san ya fi sauran wuya. Kin ce a wayar babansa ya nuna miki tallan. In maigida na shigowa da dare da roba mai sanyi a hannu, ko firjinku na cike da lemo lokacin buɗa-baki, to da shi za ki fara yin zaman ƙirga cokulan nan kafin ki kira yaron.