Farin ɓawon buta da zartsin ruwan bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, ina yawan zuwa Kwatano sarin kaya. A masaukinmu na can ruwan rijiya zartsi gare shi, ba ya shawuwa. A gida kuma butar shayina sai ta yi ta tara wani farin ɓawo a ciki, uwargida na kukan sabulu ba ya kumfa. Shin gishiri ne a ruwanmu irin na bakin teku? Kuma da gaske yana sa tsakuwa a ƙoda? Daga wani mai karatu a unguwar Zongo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abu biyu ne ka haɗa, kuma kowanne da asalinsa.

Na butarka ba gishiri ba ne. Shi ne abin da muke kira nauyin ruwa. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da sinadarai biyu daga duwatsun da ya ratsa, kalsiyam da magniziyam. In ka tafasa shi, wani kaso na kalsiyam ɗin sai ya fita ya manne a jikin ƙarfe, dangin alli ne da farar ƙasa. Su ne kuma suke kama sabulu su mai da shi gudaji kafin ya yi kumfa, su ne ke sa wake ya daɗe a wuta. Da miligiram ake auna nauyin ruwa a lita guda: ƙasa da 60 ruwa ne marar nauyi, abin da ya haura 120 mai nauyi ne, in ya wuce 180 ya yi yawa. Garin Damagaram a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake janyo ruwansa daga waje, irin su Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwan ma yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai a 1926. Tunda rijiyoyin ba ɗaya ba ne, kada ka yi mamaki in butar ɗan'uwanka a wata unguwa ba ta yi irin taka ba.

Zartsin Kwatano labarinsa daban. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, harshe kuwa yana fara jin sa tun sinadarin gishirin bai wuce miligiram 250 ba, ka ga ɗan kaɗan ya isa ya ɓata rijiya. A gari na bakin teku, ruwan daɗi yana kwance ne a bisa ruwan gishiri cikin yashi, don ya fi shi rashin nauyi. Duk mita ɗaya da aka zuƙe ruwan daɗi ya sauka, na gishiri yana iya tasowa kusan mita 40 daga ƙasa. Kwatano tana tsakanin teku da tabkin Nokuwe mai zartsi, shi ya sa ake kawo mata ruwan famfo daga rijiyoyin burtsatse na wajen Godome, su ma ana sa musu ido saboda gishirin tabkin. In kana can, ka bar rijiyar tsakar gida ga wanki. Ba don gishirin kaɗai ba: rijiya gajera cikin yashi kusa da shadda ba abin sha ba ce.

Maganar ƙoda kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wa nauyin ruwa iyaka ta fuskar lafiya ba. Abin da ya fi kawo tsakuwa a ƙasa mai zafi irin tamu shi ne ƙarancin shan ruwa da yawan cin gishiri. Wanda ya rage sha don tsoron ɓawon buta, shi ya kira cutar da kansa.

Butar, a matsa lemun tsami ko a jiƙa tsamiya a tafasa a ciki, ɓawon zai saki. Uwargida ta jefa 'yar kanwa a ruwan wanki kafin ta sa sabulu. Dabarar da take yi wa wake ce, aikin ɗaya ne.

Ni abin da ya fi damuna ba ya barin alama a buta. Idan aka ɗauke ruwa kwana biyu, bututu ya zama fanko, duk inda ya tsage yana iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Ruwan farko da ya dawo a tara shi don wanki. Warin kulorin da wasu ke ƙi, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zuba wa ruwan famfo, alama ce ta cewa maganin bai ƙare a hanya ba. Sai jarkokin 'yan garuwa da randar da kowa ke tsoma moɗa: nan ruwa mai kyau ya fi lalacewa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gishiri, ba ta kuma cire fuloraid, sinadarin da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa a Tibirin Maradi. Iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita, kuma ba shi da ɗanɗano ko launi. Don haka in kana da niyyar haƙa burtsatse a gida, Alhaji, ka kai ruwan a auna fuloraid da naitiret, sinadarin da ke shiga ruwa daga shadda da taki, tun kafin yara su fara sha.