Keken ɗinki, yunifom da masu neman lebul ɗin Turkiyya

Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu son shiga harkar ɗinki ne, toh bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wata baiwar Allah daga Funtua ta ce maigidanta ya rasu ya bar ta da yara uku, ta iya ɗinki tun tana budurwa, yanzu ta kwashi adashi amma tsoro ya hana ta taɓa kuɗin, keken ƙafa za ta saya ko na wuta?

Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Yar uwa tsoron nan naki ba laifi ba ne, wanda bai san zafin tara kuɗi ba shi ne ba ya tsoro. Ki sayi na ƙafa, Butterfly ko makamancinsa, don kin san yadda wutarmu take, ranar da aka ɗauke kwana biyu ke kina aikinki, in hali ya samu daga baya sai a ɗaura masa ƙaramar mota, wato injin da zai dinga juya shi da wuta. Amma kar ki je kasuwa ke kaɗai, ki tafi da makanikin keke ko da za ki biya shi kuɗin shayi, saboda ana sake wa tsohon kan keke fenti a manna masa sitika a ce sabo ne. Ki tafi da ƙyalle mai kauri da mara kauri a ɗinka a gabanki, ki juya bayan ki duba ko zaren ƙasa yana cukurkuɗewa. Kuma kar keken ya cinye kuɗin duka, ki rage na yadi da zare. Sannan ki leƙa islamiyyun unguwarku ki nemi ɗinkin hijabi da yunifom, shi wannan aikin duk zango yana dawowa, ba sai kin jira sallah ba.

Wani matashi daga Kano ya ce zai ci bashi ya kama shago ya sa ƙofar gilashi da iyakwandishan, keke kuma daga baya. Malam me za ka sanyaya a ciki? Ka sayi keke ka fara a zauren gidanku.

Sai wanda ya ɓata min rai. Ya ce yana ɗinka jallabiyoyi da rigunan yara masu kyau, a ina zai samu lebul mai rubutun Turkiyya ko Dubai ya liƙa don su yi daraja? Haba ɗan uwa. Kai ka yanka, kai ka ɗinka, kai ka kwana kana guga da gawayi, sannan ka ɗauki yabon ka miƙa wa wani a Istanbul da bai san kana duniya ba. Bayan ha'inci ne a ciniki, wanda ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba, kai kanka kake cuta, domin wanda ya ji daɗin rigar gobe kayan Turkiyya zai nema ba naka ba, ranar da ɗinki ya warware kuma shi ne za a ce ai ɗinkin gida ne.

Wannan halin na raina namu yana cikin abin da ya kai mu inda muke. Ka tambayi dattawan Kakuri a Kaduna yadda unguwar take lokacin da masaƙun Kaduna Textiles da aka kafa a 1957 da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) suke aiki dare da rana, audugar Funtua da Gusau tana da masu saye tun tana gona. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da tsofaffin injuna suka durƙusar da su, yau ka shiga Kantin Kwari diloli ne daga Chaina har sama, wasu ma zanen atamfarmu aka kwafa aka dawo mana da shi. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a 2023 aka janye, masaƙun dai ba su tashi ba. Ni ban ga alamar manyan nan za su dawo kwana kusa ba, abin da ya rage a hannunmu shi ne mai keke biyar, mai keke goma, su yi kaya da yawa iri ɗaya da awo tsayayye, ƙarami da matsakaici da babba, su sa sunansu. Mutanen Aba sun daɗe suna buga sunan Italiya a takalman kasuwarsu ta Ariaria, sai da suka fara sa sunan garinsu aka san aikin na wane ne. Ka je ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buga lebul ɗinka da lambar wayarka, kuma don Allah kar ka gyara wannan ka ɓata can, wato ka sayi shadda ta jabu ka ce wa mutane gezna ce. Gezna ta gaske daga Ostiriya take zuwa kuma kowa ya san kuɗinta, in an ba ka a rabin farashi ka yanki ƙyalle ka wanke ka ga inda ƙyallin zai tafi.

Na ƙarshe, mai tambayar ko dole sai da keken wibin, wato mai ɗinke bakin yadi, kafin ya fara rigunan ƙwallo da singileti. Eh dole ne, yadin yana miƙewa, keke na yau da kullum tsinka zaren zai dinga yi. In kuɗin bai kai sabo ba ka nemi na hannu mai kyau, kuma in da zaɓi ka ɗauki mai motar da ake kira servo, wato wadda ba ta juyawa sai ka taka, ta fi tsohuwar mai kuloci, wadda ke ta juyawa ko ba ka taka ba, sauƙin cin wuta, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarta.