Haihuwa ta biyu: amsar Gwaggo ga 'yar ƙaninta

Assalamu alaikum 'yar nan. Ya nauyin jiki, ya maigidan da yaron? Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya, na jinkirta amsa ne don magana ce da ba a yi a tsaitsaye. Kin ce cikin ya shiga wata 7, uwar mijinki ta ce babu zuwa gida a haihuwa ta biyu, kuma wadda ta taɓa durƙusawa a ɗakinta take sauka, ba a jin ko tarinta, balle a yi zancen asibiti. Kika tambaye ni ko haka al'adar take, da kuma ko dole ne ki sake wankan jego irin na farko.

Maganar zuwa gida, surukarki ta faɗi daidai. Goyon ciki na haihuwar fari ne. Yarinya ba ta san komai ba, ga kunyar surukai, shi ya sa ake mai da ita gaban uwarta tun cikin bai tsufa sosai ba, ta haihu a can, ta yi wanka, ta yi arba'in, a rako ta da gara. A ta biyu ana ganin ta zama 'yar gida. Sai dai akwai rabin al'adar da ake mantawa yanzu. Idan ba ki je gida ba, gida ne ke zuwa wurinki. Ana turo tsohuwa daga danginki, kaka ko inna ko gwaggo, ta tare a ɗakinki, ita ce dafa ruwa, ita ce wankan jariri, ita ce kwana da ido ɗaya. Wanda ya ce miki ki zauna a ɗakinki, to ya haɗa da wannan.

Batun shiru a naƙuda kuwa, shi ne ya hana ni barci, domin ni na yi shi.

Haihuwata ta fari kwana da yini na yi ina naƙuda a ɗakin Iya, Allah ya jiƙanta. Da ta biyu ta zo sai na ɗauka haka za a sake yi. Lokacin kaka ne, ina surfen gero bayan la'asar na ji mara ta ɗaure, baya kamar ana sara. Na ce da sauran lokaci. Na ƙarasa surfen, na wanke, na shanya. Ana kiran magariba faya ta fashe mini a bakin ƙofa. Na rarrafa ciki, na durƙusa, na riƙe ƙafar gadon ƙarfe, na cusa bakin zanina a baki na cije, don surukina yana alwala a tsakar gida kuma ban so ya ji nishina. Kukan jaririya ne ya sanar da mutan gidan. Mata suka cika ɗakin ana ta yabo, wai na cika 'yar halak, na fidda iyayena kunya.

Ana cikin yabon mabiyiya ta ƙi faɗowa. Ungozoma ta ba ni kwalba in hura, aka zuba barkono a garwashi don in yi atishawa, duk shiru. Jini kuwa ya jiƙa zani biyu ya fara bin tabarma. Ina jin muryoyinsu suna nisa, ina ganin fitilar ƙwai tana rabuwa biyu. A bayan a-kori-kura aka kai ni asibiti cikin dare, aka ciro mabiyiyar, aka ƙara mini jini leda 2. Ƙanin mijina ne ya ba da ɗaya. Tun daga ranar ban sake yaba wa wata mace don ta haihu ita kaɗai ba.

Daga baya na shiga horon da ake ba ungozomomi a asibitin garinmu, a can na gane abin da ya same ni. Haihuwa ta biyu ta fi ta fari sauri, don hanya ta riga ta buɗe. Malaman asibiti na cewa naƙudar da ta kankama ba ta cika wuce awa 12 a ta fari ba, a na baya kuma awa 10, kuma mata da yawa ko kusa da haka ba sa kaiwa. Saboda haka kada ki auna wannan da waccan. Da zarar ciwon ya fara zuwa yana dawowa a jere, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, ki buɗe baki ki faɗa. Zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma bai san wannan ta taɓa haihuwa ba. A asibiti, jariri na faɗowa ake yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke jinin ya tsaya. Babu wannan allurar a ƙuryar ɗaki. Idan kuma naƙuda ta yi gardama, kada ki yarda kowa ya kusance ki da aska da sunan yankan gishiri. Na je dubiya asibitin Babbar Ruga a Katsina, na ga 'yan mata masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda a gida ce ta kai su can.

In wani ya ce miki kuka a naƙuda abin kunya ne, ki tuna masa Nana Maryam. A Suratu Maryam, aya ta 23, naƙuda ta kai ta gindin dabino har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan. Ba a tsawata mata ba. Cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha. Ki sha rubutunki, ki yi addu'o'inki, ki ci dabino, duk a kan hanyar asibiti.

Wankan jego za ki yi, ni zan yi miki, da ganyen darbejiya kamar yadda aka saba. Yana warware gajiya, kuma kwana 40 ɗin hutu ne da iyayenmu suka ƙwato wa mace. Amma ruwan zai zama mai ɗumin da jiki ke iya ɗauka, ban da tafasasshen da ke sale fata, ban da kwanciya a gadon wuta. Kunun kanwa kuwa ki bar shi. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura masu jego na yawan zuwa da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Mu a da, idan maijego ta kumbura tana haki sai mu ce sanyi ne ya shige ta, mu ƙara itace, mu ƙara kanwa. Allah ya yafe mana. In kin ga ƙafa ta kumbura, ko numfashi na yi miki wuya idan kin kwanta, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, asibiti za a nufa a ranar. Kunun gyaɗa da ƙauri da farfesu sun ishe ki samun ruwan nono.

Akwai abin da ba a faye gaya wa mata ba. Ciwon cikin bayan haihuwa ya fi tsanani a ta biyu, musamman idan jariri ya kama nono. Mahaifa ce ke komawa mazauninta, kwana biyu zuwa uku ya lafa. Kada ya sa ki janye nonon. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da muke matsewa mu zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, ki ba shi tun a sa'ar farko.

Sai yaronki. Ɗan fari ne, kin yi masa alkunya, ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa gaban mutane. Wannan mai zuwa babu wannan kunyar a kansa, za ki ɗauke shi ki yi masa rawa kowa na kallo. Yaro yana gani, 'yar nan, ko bai iya faɗa ba. Kada a kwashe shi zuwa gidan kakarsa ranar da ƙaninsa ya iso. A zaunar da shi a tabarma a ɗora masa jaririn a cinya, ranar suna a ɗinka masa sabuwar riga shi ma, ke kuma idan ɗaki ya yi shiru ki jawo shi jikinki.

Kada ki yi jayayya da surukarki, abin da aka yi mata take faɗa miki. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ta ji daga bakin malamar asibiti, maigidanki kuma ya yi mata magana a keɓe. Ni zan kira ta mu gaisa, tsofaffi mun fi jin maganar juna.

In Allah ya kai mu, watanki na 9 na kamawa zan taho. Kafin nan ki haɗa jakarki da katin awo a ciki, maigidan ya riƙe lambar direbobi biyu, ya kuma tsayar da wanda zai ba da jini idan an buƙata. Ki share mini gefen gadonki, ki sa a nemo itace da babbar tukunya. Ki gaida maigidan da surukarki. Allah ya raba lafiya.

Gwaggonki