Me ya sa diyyar fursunonin yaƙi take komawa hannun majalisa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji cewa wasu sojojin Amurka da Iraki ta kama ta azabtar a yaƙin Tekun Fasha na 1991 sun kai ƙara kotu har sun yi nasara, amma suka shafe shekaru suna kai gwauro suna kai mari a majalisa don a biya su. Idan doka ta hana azabtar da fursunan yaƙi, kuma alƙali ya yanke hukunci, mene ne na majalisa a ciki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, Malam. Haramcin kam babu tantama a kansa. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta wajabta a riƙe fursunan yaƙi da mutunci, sashe na 17 ya hana azabtar da shi don a tatsi bayanai, sashe na 131 kuma ya hana kowace ƙasa ta wanke kanta ko ta wanke wata ƙasa daga alhakin manyan laifuffuka irin wannan. Sai dai yarjejeniyar ba ta kafa wata kotu da soja zai shiga da ƙafarsa ya nemi haƙƙinsa ba, ga shi kuma bisa al'ada kowace ƙasa tana da rigar kariya a kotunan wata ƙasa. Wannan giɓi ne yake mayar da maganar hannun 'yan majalisa, domin su ne ke da ikon cire rigar kariyar, su ne kuma ke da ikon ware kuɗi.

Shari'ar da kake magana a kai ita ce ta Clifford Acree da abokansa. Mutum 17 ne, mafi yawansu matuƙa jiragen yaƙi da aka harbo a farkon 1991, waɗanda suka shaida cewa an yi musu dukan da ya karya ƙasusuwa, an jona musu wayar lantarki, an horar da su da yunwa, an kuma ɗora wa wasu bindiga a ka ana nuna musu cewa ajalinsu ya zo. Abin da ya ba su damar kai ƙara ma aikin majalisa ne, wato gyaran doka na 1996 da ya halatta wa Amurkawa gurfanar da ƙasashen da gwamnati ta sanya cikin jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi, Iraki kuwa tana cikin jerin tun 1990. Sun shigar da ƙara a 2002 tare da iyalansu 37, gwamnatin Saddam Hussein ba ta halarci zaman ba, a watan Yulin 2003 kuma alƙali Richard Roberts ya yanke musu diyyar kusan dala miliyan 959.

Kafin hukuncin ya fito, al'amura sun riga sun juya. Amurka ta kifar da Saddam, Shugaba George W. Bush ya ƙwace kadarorin Iraki da aka daskarar a bankunan Amurka ya ware su don sake gina ƙasar, sannan bayan fitowar hukuncin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shiga cikin ƙarar tana neman a rushe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a 2004, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron su a 2005. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne, a cikin shekarar 2004 ɗin nan Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya shaida wa majalisa cewa yana goyon bayan a biya 'yan Irakin da aka ci zarafinsu a kurkukun Abu Ghraib diyya.

Daga nan sai majalisa ta sake gwadawa. A ƙarshen 2007 ta saka wani sashe a cikin ƙudirin kasafin tsaro wanda zai farfaɗo da irin waɗannan ƙararraki, amma gwamnatin Iraki ta yi barazanar kwashe kuɗaɗenta daga bankunan Amurka, Bush kuma ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudirin baki ɗaya. A watan Janairun 2008 aka mayar masa da shi ɗauke da ikon cire Iraki daga sashen, ya sa hannu, ya kuma cire ta nan take. Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙudirin na daban a watan Satumban shekarar, amma bai tsallake Majalisar Dattawa ba.

Su Acree ba su ne farau ba. Fursunonin da Japan ta riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka tilasta wa gina layin dogo tsakanin Tailan da Bama ko haƙar ma'adinai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Turawan cikinsu ba su fito da rai ba. Duk da haka yarjejeniyar sulhu ta San Francisco ta 1951 ta yafe wa Japan da'awar ƙasashen ƙawance da ta 'yan ƙasashensu, kuma da ita kotunan Amurka suka kori ƙararrakin da tsofaffin sojoji suka shigar a kan kamfanonin Japan. A 2001 majalisun Amurka biyu sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da wani sashen ƙudiri mai goyon bayansu, ta Wakilai da ƙuri'u 395 a kan 33, amma aka zare sashen a kwamitin daidaita ƙudiri. Abin da wata dokar Amurka ta 1948 da gyaranta na 1952 suka ba su shi ne dala 1 a kowace rana saboda ƙarancin abinci, da dala 1.50 saboda aikin tilas da cin zarafi. Birtaniya, wadda fursunoninta suka samu kimanin fam 76 kowanne a shekarun 1950, ta bi wata hanyar a watan Nuwamban 2000, inda ta biya kowane mai rai ko matar mamaci fam 10,000 daga baitulmalinta. Kanada ta riga ta a 1998, Ostareliya da New Zealand suka biyo baya a 2001.

A ganina wannan hanyar ta fi kusa da adalci. Gwamnati tana iya samun hujjar gaske ta yin sulhu ko ta ƙin ɗora wa sabuwar Iraki bashin Saddam, amma idan ta sayi maslahar ƙasa da haƙƙin mutum 17 ko na dubban tsofaffin sojoji, to kuɗin ya kamata ya fito daga aljihun ƙasar baki ɗaya, ba a bar wa waɗanda suka riga suka biya da jikinsu ba. Ƙuri'ar nuna goyon baya ba ta sa kuɗi a hannun kowa, don haka abin dubawa a kowane ƙudiri shi ne ko ya fayyace asusun da za a biya daga ciki, da kuma ko ya bar wa shugaban ƙasa ƙofar dakatar da shi.

Su Acree dai ba ta hanyar hukuncin 2003 maganarsu ta warware ba. A 2009 Kotun Ƙoli ta tabbatar a wata shari'ar cewa Iraki ta dawo da rigar kariyarta, sai a watan Satumban 2010 gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniya inda Iraki ta amince ta biya dala miliyan 400, majalisar Iraki kuma ta amince da ita a 2011. Kuɗin ba na fursunonin kaɗai ba ne, har da fararen hular Amurka da gwamnatin Saddam ta yi garkuwa da su bayan mamayar Kuwait a 1990.