Fatawa: Sayen Agogon Japan Mai Tafiya da Motsin Hannu, da Hukuncin Ruwan Zinare da Maɗaurin Fata

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, wurin aikinmu ne za su tura ni kwas na mako biyu a Tokyo. Na daɗe ina sha'awar agogon Seiko samfurin Presage, irin na sawa da manyan kaya, wanda ba ya amfani da batir, motsin hannu ne ke wana shi. Kuɗinsa a can wajen yen dubu 60 ne, kuma na ji baƙi ana ɗauke musu haraji. Akwai mai ruwan zinare, akwai na farin ƙarfe, dukansu da maɗaurin fata. Wani abokin aikina ya ce mini almubazzaranci ne tunda ga agogo mai araha a kasuwa, ya kuma ce ba a salla da fatar da ba a san wanda ya yanka dabbarta ba. Ina so in saya da abin da zai rage mini na kuɗin guzuri, sannan ƙanin matata ya ba ni saƙon nasa. Mene ne hukunci? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, sayen agogon nan halal ne. Asalin ciniki halasci ne, kuma kasancewar masu ƙera shi ba Musulmi ba ne bai hana komai ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba ƙirar Rum, ya kuma yi ciniki da Yahudawan Madina.

Maganar almubazzaranci ma ba ta tsaya ba. Allah Ta'ala ya ce a suratul A'araf, aya ta 32: “Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah wanda ya fitar domin bayinsa?” A Sahihu Muslim, da Annabi ya yi gargaɗi kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai aka amsa masa da cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Israfi da aljihun mai saye ake auna shi. Idan gidanka akwai abinci, kuɗin makarantar yara ba su maƙale ba, babu mai binka bashin da lokacinsa ya yi, to ka saya hankalinka kwance. Idan kuwa akwai wanda ke zarya a ƙofar gidanka kan kuɗinsa, jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda hadisi ya faɗa, shi za ka fara sallama. Kuma wannan ba ya cikin agogunan da kuɗinsu ya kai na sayen gida. Matsakaici ne, daga kamfanin da Kintaro Hattori ya kafa a Tokyo tun 1881, ana iya kai shi wurin mai gyara a wanke injinsa a sa masa mai ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa. Wanda ya sayi abu ɗaya mai ƙarko bai fi mai sayen na araha duk shekara ɓarna ba.

Inda ya kamata ka tsaya ka duba da kyau wuri biyu ne: jikin agogon da maɗaurinsa.

Zinare haramun ne ga namiji. Sayyidina Aliyu ya ruwaito cewa Annabi ya riƙe alharini a damansa da zinare a hagunsa, ya ce waɗannan biyu haramun ne ga mazan al'ummarsa. Abu Dawuda da Nasa'i suka fitar da shi. A Sahihu Muslim kuma, ya ga zoben zinare a hannun wani mutum, ya cire ya jefar, ya ce ɗayanku zai nufi garwashin wuta ya sa a hannunsa. Agogon da jikinsa zinare ne babu saɓani a kansa. Sai dai a wannan farashi ba za ka samu na zinare zalla ba. Abin da ake sayarwa ƙarfe ne mara tsatsa da aka lulluɓe da wani shafi siriri ƙwarai. Wani shafin launi ne kawai daga wani ƙarfe daban, wani kuma akwai ɗan zinare na gaske a samansa.

Wanda launi ne kawai, babu zinare, halal ne, domin abin da aka haramta shi ne ma'adinin, ba kalarsa ba. Wanda ke da zinare na gaske, malamai sun daɗe da magana a kan irinsa. Shafi'awa sun sa ma'auni: idan aka kai shi wuta wani abu na zinare zai taru, haramun ne, idan ba abin da zai taru, an yi rangwame. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Khalil ya kawo magana biyu a kan ƙwaryar da aka shafa wa ruwan zinare ko azurfa. Cikin malaman zamani akwai da yawa da suka hana namiji ɗaura irin wannan agogo kai tsaye.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: ka ɗauki na farin ƙarfen. Kai baƙo ne a kanti, ba ka jin Japananci, mai kantin ma ba lallai ya san abin da ke cikin shafin ba. Ga halal bayyananne a gefe ɗaya, injinsu ɗaya, sau da yawa ma ya ɗan fi araha. Ban ga dalilin shiga shubuha ba. Sannan ka tuna inda za ka dawo. Kana sahun gaba ranar Juma'a, hannun riga ya zame, wanda ke kusa da kai ba zai tambaye ka kaurin shafi ba. Zai ce wane yana sa zinare, ko kuma ya yi koyi da kai ya sayi na gaske. Ka duba har ƙugiyar maɗaurin da zoben da ke kewaye da gilashi. Amma idan uwargida za ka saya wa, mai ruwan zinaren halal ne gare ta.

Maganar fata kuwa, abokin aikinka ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, kada ka raina shi. Mashhurin mazhabar Malikiyya ke nan: dabbar da ba a yanka ta yankan shari'a ba mushe ce, fatarta najasa ce, kuma jima ba ya tsarkake ta tsarki na haƙiƙa. An yi rangwamen amfani da ita bayan jima ga busassun abubuwa da ruwa, ban da ta alade, amma ba a salla da ita. Hambalawa ma mashhurinsu ya karkata nan, suna kafa hujja da hadisin Abdullahi bn Ukaim mai hana amfani da fatar mushe. Japan kuma ba ƙasar Musulmi ba ce, galibin mutanenta ba Ahlul Kitabi ba ne, ko da yake fatar maɗaurin tana iya zuwa daga wata ƙasa daban.

A ɗaya ɓangaren, Hanafawa sun ce jima yana tsarkake fatar kowace dabba ban da alade, Shafi'awa suka ƙara da kare cikin waɗanda aka togace. Hujjarsu hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim: idan aka jeme fata, to ta tsarkaka. Da kuma hadisin tunkiyar da ta mutu a gidan Nana Maimuna, inda Annabi ya ce me ya sa ba ku ɗauki fatarta kun jeme kun amfana da ita ba? Suka ce ai mushe ce. Ya ce cinta kawai aka haramta. Hadisin Ibn Ukaim kuwa sun ɗauke shi a kan ɗanyar fata da ba a jeme ba, ta haka hadisan suka haɗu ba tare da an jefar da ko ɗaya ba. A cikin Malikawa ma an ruwaito daga Sahnun cewa jima yana tsarkakewa. Kuma Imamu Malik da kansa ya dakata bai yanke hukunci ba a kan kaimakhtu, wato jemammiyar fatar jaki ko doki da ake yin kuben takobi da ita, saboda magabata sun kasance suna salla rataye da takubbansu.

Maganar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce jima yana tsarkake fatar saniya da ɗan maraƙi da akuya ko da ba a yanka su ba, domin lafazin hadisin a fili yake. Don haka idan ka yi salla da maɗaurin fatar maraƙi, sallarka ta inganta, ba sai ka rama ba. Wanda kuma ya tsaya kan mashhurin mazhaba ba a zarginsa, sai dai ya san cewa cire agogon ya jefa a aljihu bai fitar da shi ba, har yanzu yana ɗauke da shi. Sai dai ya ajiye a gabansa.

Fatar alade ce ba na ba ka rangwame a kanta. Akan yi amfani da ita wajen shafin ciki na wasu takalma da maɗaurai saboda laushinta. Ka juya maɗaurin ka duba ɓangaren da ke taɓa fatar hannunka. Fatar alade tana da ƙananan huji uku-uku a tare, kamar an tsira da allura, a warwatse ko'ina. Sau da yawa akan buga sunan irin fatar a bayan maɗaurin, ko a rubuta a takardar agogon. Ka sa a karanta maka. Wani abin da zai ba ka mamaki: yawancin masu zanen fatar kada a wannan farashi fatar maraƙi ce aka danna wa zane. Da ta kada ce ta gaske, da ta fi sauƙi a wurin Malikawa, domin sun lissafa kada cikin dabbobin ruwa, kuma mushen ruwa mai tsarki ne ko da dabbar tana daɗewa a tudu.

Fita daga wannan saɓani ba shi da tsada. Maɗauri da ɗan siririn ƙarfe mai sifirin yake riƙe, mai gyaran agogo zai canza shi cikin minti biyu. Ka tambayi faɗinsa a kanti, galibi milimita 20 ne a irin wannan agogo, ka sayi na ƙarfe, ko ka dawo gida ka ba baduku ya yanka maka daga fatar akuyar da aka yanka aka jeme da bagaruwa. Fatar Kano da Sakkwato ba baƙuwa ba ce a kasuwar duniya.

Wajen alwala, wuyan hannu yana cikin abin da ya wajaba a wanke a cuɗa, saboda haka agogon da ya matse sai an cire ko an gusar da shi ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Cirewar ta fi, tunda irin wannan agogo juriyar ruwansa kaɗan ce, fata kuma in tana shan ruwa sau biyar a yini za ta yi wari ta tsage. Ɗaurawa a dama ko hagu duk ɗaya ne, babu nassi a kai.

Ka kuma san halin abin da za ka saya tun kafin ka biya. Agogo mai tafiya da motsin hannu bai kai mai batir daidaito ba. Injin da ke cikin masu matsakaicin farashin, kamfanin ya yarda ya iya yin gaba da daƙiƙa 45 ko baya da daƙiƙa 35 a yini, kuma idan ka ajiye shi sama da sa'a 40 zai tsaya. Wannan ba aibi ba ne da za ka mayar da kaya saboda shi, tunda an bayyana shi a takarda. Amma daƙiƙa 30 a yini minti uku da rabi ne a mako. A watan azumi kada ka dogara da shi wajen sahur da buɗa-baki sai ka saita shi. Da ka sauka gida kuma ka mayar da shi baya da sa'a 8, tazarar Japan da Najeriya ke nan.

Saura batun kuɗi. Guzurin da ofis ya ba ka, idan dunƙule aka ba ka a matsayin haƙƙinka na kwanaki, ba a neman bayanin yadda ka kashe, abin da ka tsimi naka ne. Idan kuwa tsarin shi ne ka kawo rasidi ka mayar da saura, to amana ce, sayen agogo da shi ha'inci ne, haɗa rasidin ƙarya kuma ya ƙara muni. Harajin saye a Japan kashi 10 cikin 100 ne, kuma ɗauke wa baƙo shi rangwame ne da hukumarsu ta yi bisa sharaɗi: ka nuna fasfonka, ka fita da kayan daga ƙasar, ba ka sayar a can ba. Karɓarsa halal ne, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Kada ka ara wa mazaunin can fasfonka ya sayi nasa da sunanka. Idan jami'in kwastam ya tambaye ka a filin jirgi, ka faɗi gaskiyar abin da ka sayo da farashinsa. Biya da katin da kuɗinka ke ciki ya halatta, cirewar da banki ke yi nan take tana matsayin karɓa hannu da hannu. Katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana mu'amala da shi a zamanta na Riyad a 2000, ko da mutum ya yi niyyar biya kafin ruwan ya hau.

Saƙon ƙanin matarka wakilci ne. Abin da ka biya shi za ka gaya masa, rangwamen haraji ma nasa ne, canjin kuɗi kuma a kan farashin da ka samu. Idan kana son ladan wahala ka faɗa masa tun kafin ka tashi ku daidaita. Ka sayo masa daga kantin da kamfani ya amince da shi, ka sa a buga hatimi da kwanan wata a katin garanti, ka tambaya ko garantin yana aiki a wajen Japan, domin wasu samfuran na kasuwar cikin gida ne kawai. Shi ma namiji ne, hukuncin ruwan zinaren ya hau kansa. Idan mai ruwan zinaren ya nuna maka a hoto, ka kira shi ku canza.

Babu zakka a kan agogon da ka saya don ɗaurawa. Idan ka ƙaro wasu da niyyar sayarwa, sun zama kayan kasuwanci, hukuncin zakkar kasuwanci ya hau kansu.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Wallahu a'alam.