Amsa ga mai son monita 4K a kan katin GTX 1650

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kwamfuta Dell OptiPlex ta tokumbo gare ka, mai Core i5 da RAM 8GB da katin GTX 1650 (katin da ke sarrafa hoto), a talabijin kake buga wasannin Valorant da Warzone, yanzu kuma ka tara kuɗi kana son monita 4K mai inci 27. Ni dai in ka bi ta tawa, ka jingine maganar 4K tukuna.

Monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da katin ya miƙo mata shi take nunawa. Allon 1080p ɗigon hoto kusan miliyan 2 ne, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, wato ninki huɗu. Katin nan naka na 2019 ne, ma'ajiyarsa 4GB, Warzone ma a 1080p da ƙyar yake kai ta firem 60, wato hoto 60 a sakan ɗaya, sai ka rage komai. Ka ɗora masa 4K, kamar ka labta wa Keke Napep kayan tirela ne. Wasan zai riƙa sarƙewa, ka dawo kana zagin monitar alhali ba laifinta ba ne.

Abin da zai canza maka wasa shi ne saurin allo. Allo mai 60Hz yana sabunta hoto duk bayan kusan milisakan 17, mai 144Hz kuwa kusan 7. A Valorant, inda katinka zai iya wuce firem 144 idan firosesan ba tsoho tukuf ba ne, bambancin a hannu za ka ji shi. Don haka nemi inci 24, 1080p, 144Hz ko 165Hz, mai fanel IPS. Na yi amfani da wani nau'in fanel, VA, baƙinta ya fi kyau a fim, amma a wurare masu duhu hoto yana jan jela idan ka juya da sauri. Lanƙwasasshen allo a inci 24 kuwa ado ne kawai.

In ka kawo ta gida, haɗa ta da wayar DisplayPort, kuma a jikin katin, ba ramin madabod na sama ba. Sannan shiga saitin allo na Windows ka zaɓi 144Hz da hannunka, don sau da yawa a 60 yake barin ta. Na sha zuwa ɗakin abokai in tarar da monita mai tsada tana gudu a 60, mai ita yana ta yaba laushinta. Maus kuma ka kashe masa Enhance pointer precision, ka bar DPI, wato ma'aunin saurin motsinsa, a 800, sauran ka daidaita a cikin wasan. Kafin ka saya ma, kunna Game Mode a talabijin ɗinka, zai rage jinkirin da kake ji.

Canjin da ya rage ka sa a RAM. Sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB, domin ta hanya biyu bayanai za su riƙa bi. Idan har yanzu tsohon hard disk ne a ciki, SSD, wato ma'ajiya mai sauri, tana gaba da komai.

In kuma kati za ka canza, sai ka yi hattara. Ƙananan OptiPlex fawa saflai ɗinsu, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta, bai cika wuce wat 240 ba, kuma galibi ba shi da wayar ƙarin wuta ta kati. Shi ya sa 1650 ya zauna lafiya, wat 75 kawai yake ci. RX 580 da ake tallatawa da araha yana jan wat 185, ga shi da yawansu sun sha wahalar haƙar kirifto kafin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da kati a Satumban 2022 a zubo su kasuwa. RX 6600 mai wat 132 ya fi shi ƙarfi da sauƙin wuta, abin da mai inbata da sola zai so, amma shi ma sai ka canza akwati da fawa saflai.

Ko a Banex ta Abuja za ka saya ko Computer Village ta Ikeja, kada ka biya sai an kunna a gabanka. A sa farin hoto da baƙi ka duba matattun ɗigo, ka tabbatar 144 ta fito a saitin. Kuma ka ware kuɗin UPS ko stabilaiza, don wutar NEPA in ta dawo da ƙarfi monita da fawa saflai take fara ci.