Finafinan da George Romero ya shirya amma bai samu yi ba

Ka tambaya ko gaskiya ne George Romero, ba'amurken da ya shahara da finafinan gawarwaki masu tashi, ya bar ayyukan da bai kai ga ɗauka ba. Gaskiya ne, kuma suna da yawa.

Wanda ya fi damuna shi ne Resident Evil. Ya shirya tallar kashi na biyu na wannan wasan bidiyo domin kasuwar Japan, daga nan aka ba shi aikin rubuta labarin fim ɗin, amma kamfanin Constantin Film bai karɓi rubutunsa ba, aka miƙa aikin ga Paul W. S. Anderson, wanda ya fitar da nasa a 2002. A ganina an yi asara, domin wasan kansa ya ɗauko yanayinsa daga finafinan Romero.

Haka ya daɗe yana shiri da marubuci Stephen King kan littafinsa The Stand, sai dai tsawon labarin ya gagari fim guda, ƙarshe Mick Garris ne ya mayar da shi shirin talabijin a 1994. Ya kuma taɓa aiki kan fim ɗin The Mummy na kamfanin Universal kafin a sauya hannu.

Bayan rasuwarsa a 2017, Jami'ar Pittsburgh ta karɓi takardunsa a 2019, kuma a cikinsu akwai rubuce-rubucen finafinan da ba a taɓa ɗauka ba.